Ina dosiyena ya kwana? Tambayoyi da amsoshi kan tsarin tallafi ga 'yan gudun hijira da masu neman mafaka a arewacin Kamaru da Cadi

Waɗannan su ne tambayoyin da ake ta nanatawa a bakin ofisoshin HCR, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, da na ƙungiyoyin da ke aiki tare da ita, daga Marwa da Mokolo zuwa Kuseri, har tsallaken kogi a Njamena da Baga Sola. Masu yin su akasari 'yan Najeriya ne da rikicin Boko Haram ya koro, sai mutanen Afirka ta Tsakiya da ke wajajen Maiganga da Tuboro, da kuma masu masaukinsu, don sau da yawa maigidan da ya sauki baƙo shi ke zirga-zirgar takardu. Amsoshin sun fi karkata ga Kamaru. Inda Cadi ta sha bamban an faɗa.

Mene ne bambancin ɗan gudun hijira da mai neman mafaka da wanda rikici ya raba da gidansa a cikin ƙasarsa?

Iyaka da takarda su ne suka raba su. Ɗan gudun hijira ya tsallake iyakar ƙasarsa saboda tsanantawa ko yaƙi, kuma an amince masa da wannan matsayi. Mai neman mafaka shi ma ya tsallake, ya nema, amma ba a yanke hukunci a kansa ba tukuna. Wanda kuwa ya bar Kolofata ya koma Mora bai fita daga Kamaru ba, nauyinsa yana wuyan gwamnatinsa, ko da a rumfa ɗaya yake kwana da mutumin Banki ta Najeriya.

Tushen dokar shi ne yarjejeniyar Janeba ta 1951, da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, wadda ta faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da masu gudun yaƙi da rugujewar zaman lafiya. Kamaru ta yi tata dokar ranar 27 ga Yuli 2005, Cadi kuma a Disamba 2020. Idan jama'a suka kwararo da yawa lokaci guda, ba a zaunar da kowa a yi masa doguwar hira, a dunƙule ake amince musu. Haka aka yi wa mutanen sansanin Minawawo da ke Kamaru, wanda aka buɗe a 2013, da na Dar es Salam kusa da Baga Sola, wanda aka kafa bayan harin Baga na Janairu 2015. Wanda ya zo shi kaɗai ya sauka a Yawunde ko Duwala ko Njamena, shi ake bin lamarinsa daki-daki.

Yanzu na shigo da iyalina. Daga ina zan fara?

Ka kai kanka ga hukuma kafin hukuma ta same ka. Dokar Kamaru ta ba mai neman mafaka kwana 15 daga shigowarsa ya gabatar da kansa. Ka je wurin sufurfe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, ko jandarma, ko 'yan sanda, in da hali bulama ko lawan na garin da ka sauka ya raka ka. A jihar Arewa Mai Nisa an saba kai sababbin zuwa cibiyar wucin-gadi ta Gurungel, kusa da Minawawo, jami'an tsaro su tantance su, sannan a yi rajista. A Cadi hukumar CNARR ce ta gwamnati da ke karɓar baƙi, tana aiki tare da HCR.

Ranar rajista kowa da kowa zai zo, har jariri da tsohuwar da ba ta iya tafiya sosai, domin ana ɗaukar hoto da zanen yatsu da ƙwayar ido. Kafin ka tashi ka ce a karanta maka abin da aka rubuta: sunan kowa, shekarunsa, da yadda yake a wurinka. Muhammadu da aka rubuta Mahamat a nan, Mohammed a can, zai wahalar da ku shekaru masu zuwa.

Doka ta hana a hukunta ka don ka shigo ba fasfo, ta kuma hana a mayar da kai inda ranka ke cikin haɗari. Duk da haka, a 2017 HCR da kanta ta fito ta koka kan mayar da 'yan Najeriya da ƙarfi daga garuruwan kan iyaka. Wanda sunansa ke cikin rajista ya fi sauƙin karewa a kan wanda babu wanda ya san da zamansa.

Ko takarda ɗaya ban fito da ita ba. Za a karɓe ni?

Za a karɓe ka. An san mai gudun tsakar dare ba ya tsayawa neman kati. Abin da ake bukata shi ne bayaninka ya zama gaskiya, kuma na yau ya dace da na gobe. In kana da wani abu, ko katin zaɓe ne, ko katin rigakafin yaro, ko takardar makaranta da ta yage, ka nuna shi. Kada dai ka sayi ta jabu don cike giɓi: rashin takarda ba ya ɓata dosiye, wato fayil ɗin lamarinka, takardar ƙarya tana ɓata shi.

Na yi rajista, ina da kati. To mene ne kuma "buɗe dosiye" da ake cewa?

Rajista ta kowa ce. Dosiyen tallafi kuwa ana buɗe shi ne ga wanda yake da wata matsala ta musamman da rabon abinci da tanti ba za su warware ba: yaron da ba shi da kowa, tsohon da ke zaune shi kaɗai, mai naƙasa, mai ciwon da ba ya jin magani, matar da ake duka, wanda abin da ya gani a hanya ya taɓa masa hankali. Sai a haɗa shi da ma'aikaci guda, wanda jama'a ke kira asistan, ya riƙe lamarinsa daga farko har ƙarshe. Yawanci asistan ɗin ba ma'aikacin HCR ba ne kai tsaye, na wata ƙungiya ce da ke aiki da ita, ko na ma'aikatar jin daɗin jama'a ta gwamnati.

Aikin yana tafiya ne mataki-mataki. A gano mai bukata, a nemi yardarsa, a zauna a auna halin da yake ciki, a tsara abin da za a yi, a tura shi inda taimakon yake, a riƙa bibiya, daga ƙarshe a rufe. Ba sai ka jira an gano ka ba. Kana iya zuwa wurin sauraren koke da kanka, ko ka gaya wa shugaban bulok ko wakiliyar mata su kai maganarka.

Abu ɗaya da ya kamata a cire daga rai tun yanzu: buɗe dosiye ba layin tafiya Turai ba ne. Duba amsar da ke kan tafiya ƙasa ta uku.

Me ake rubutawa a cikin tsarin tallafi, kuma wa ke yanke shawara?

Tsari na gari yana amsa abu huɗu a kan kowace matsala: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe, kuma ta yaya za a gane an yi. A ce bazawara ce mai 'ya'ya huɗu, ƙaramin ba shi da takardar haihuwa, babbar ta daina zuwa makaranta saboda itace da ɗiban ruwa, ita kuma uwar tari ya hana ta barci. Tsarinta zai iya cewa: ranar Talata asistan zai rubuta mata takardar zuwa asibiti a gwada majina, ita za ta nemo takardar da aka ba ta a ɗakin haihuwa kafin ƙarshen mako, asistan zai ga shugaban makaranta kafin ranar kasuwa ta gaba, za a sake zama bayan mako biyu a ga abin da ya yiwu. Kowane layi yana da mai shi da ranarsa.

Tsarin da ya ce kawai "za a wayar mata da kai" ko "za a ci gaba da bibiya" bai ce komai ba, kuma kina da damar ki ce, Malam, wace rana, kuma a wurin wa? Haka kuma tsarin da ya jero matsala goma a lokaci guda, da wuya a gama ko ɗaya. Gara a ɗauki biyu ko uku mafi zafi, abin da ya shafi rai da tsaro shi ne kan gaba, sauran su biyo baya.

Shawara ta mai dosiye ce. Asistan zai faɗi abin da ke akwai da abin da babu, ya faɗi abin da yake gani zai biyo bayan kowane zaɓi, amma ba zai zaɓar wa babban mutum mai hankalinsa ba. Ya kamata kuma a rubuta abin da kike da shi, ba abin da kika rasa kaɗai ba: kin iya saƙar hula, kina da ƙanwa a wani bulok, maƙwabciya tana riƙe miki yara. Taimakon ƙungiya yana zuwa yana ɗaukewa gwargwadon kuɗin shekara, waɗannan kuwa suna hannunki. In ba kya karatu, ki ce a karanta miki tsarin da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci kafin ki dangwala.

Tambayoyinsu sun yi yawa, wasu ma na kunya ne. Dole in amsa? Kuma wa zai ji?

Ba dole ba ne ki amsa abin da ba ki shirya faɗa ba, kina iya cewa a bar shi sai wani zama. Kina da damar neman mace ta saurare ki, da neman a canza tafinta idan ɗan garinku ne ko kina jin nauyinsa. Wannan ya fi faruwa fiye da yadda ake zato, don a sansani kusan kowa ya san kowa. Idan kin lura kin yi magana mai tsawo tafinta ya mayar da ita kalma uku, ki tsayar da shi.

Ƙa'ida ita ce ba a kai bayaninki ko'ina sai da yardarki, kuma kina iya yarda a gaya wa asibiti ki hana a gaya wa wani ofishin. Ba a ba gwamnatin ƙasar da kika baro, ba a ba miji ko suruki. Inda sirri ke da iyaka shi ne idan ran wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, kuma asistan na ƙwarai zai faɗa miki wannan tun kafin ki fara magana.

An ba ni takardar turawa, na je an ce in dawo. Sau nawa zan yi ta komawa?

Turawa ba ta cika ba sai an karɓe ka an yi maka abin da aka tura ka a yi. Don haka in an dawo da kai, ka koma wurin wanda ya tura ka a ranar ko washegari, ka gaya masa ofishin da ka je, da ranar, da abin da aka ce maka. Aikinsa ne ya kira su. Mutane da yawa suna yin fushi su zauna a gida, shi kuma asistan yana can ya rubuta "an tura", yana zaton magana ta ƙare.

Ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kowane randebu, ko ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka. Ka haddace lambar rajistar gidanka. Kada ka bar asalin takardarka a kowane ofis, kwafi ake bari. In ka canza lambar waya ko ka tashi daga bulok ɗinka, ka sanar, don dosiyoyi da yawa suna tsayawa ne kawai saboda an kira ba a samu mai shi ba.

An yi mana haihuwa. Me za mu yi game da kati da takardar haihuwa?

Abu biyu ne daban, kuma duka ana yin su. Na farko takardar haihuwa ta gwamnati. A Kamaru ana sanar da haihuwa cikin kwana 90, kuma in a asibiti aka haihu, asibitin ne ke ba da shaidar da za a kai ofishin rajistar haihuwa. In aka yi sakaci lokaci ya ja sosai, sai an bi ta kotu alƙali ya yanke hukunci, abin da ke cin kuɗi da kai-komo. Wani lokaci ana shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka don irin waɗannan yara, in kun ji sanarwa kada ku bari ya wuce ku. Yaron da ba shi da wannan takarda zai yi karatunsa lafiya har ajin ƙarshe na firamare, ranar rajistar jarrabawa a ce ya tsaya.

Na biyu shi ne kai jaririn wurin rajistar 'yan gudun hijira a ƙara shi cikin gidan. Haka ma aure, da saki, da rasuwa, duk ana sanarwa. Matar da ta rabu da mijinta tana iya neman a raba musu kati ta riƙe nata da na yaran da ke hannunta. Ɓoye rasuwa don kada rabo ya ragu kuwa, ranar tantancewa da zanen yatsu asiri ke tonuwa, kuma abin yana shafar yadda za a yarda da maganar gidan nan gaba.

Ga masu ciki a jihohin arewa uku na Kamaru, akwai tsarin cekin lafiya na sefa 6,000 da ya ƙunshi awo da haihuwa a asibitocin da ke cikin shirin. Ki tambayi ungozomar asibiti ko asistan yadda ya shafe ki.

Akwai yaron da na tsinta a hanya, yana hannuna tun da muka zo. In ce ɗana ne?

A'a, Inna, ki faɗi gaskiyar yadda kika same shi. Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon, kuma faɗin gaskiya ba ya nufin za a ƙwace shi. Akasari an fi son yaro ya zauna a gidan da ya saba da shi. Amma in aka rubuta shi ɗanki, an rufe ƙofar neman iyayensa, alhali wataƙila uwarsa tana Maiduguri ko Pulka tana cigiya.

Duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne a wannan aiki. Ana yi masa nasa binciken na abin da ya fi masa alheri, a ji ta bakinsa gwargwadon wayonsa, a riƙa leƙo gidan. Manyan shawarwari, kamar mayar da shi ga dangi a wata ƙasa, kwamiti ne ke zama a kansu. In yarinya ce, a sani cewa dokar Kamaru ta 2016 da ta Cadi ta 2015 duk sun hana aurar da wadda ba ta kai 18 ba, kuma marainiyar riƙo ita aka fi saurin aurarwa idan abinci ya yi ƙaranci. In matsin ya kai haka, a kai maganar ga asistan tun kafin a karɓi kayan kowa.

Mun rabu da mijina a gudu, ban san inda yake ba. Wa ke neman mutane?

Ƙungiyar Kurwa Ruj, wato Red Cross, da kwamitinta na duniya su ke wannan aiki, kyauta. Za ki ba da cikakken sunansa da laƙabinsa, sunan iyayensa, garinsu, da wurin da kuka rabu. Suna da saƙon takarda da ake kaiwa hannu da hannu har gidajen yari, suna kuma ba da damar kiran waya. Ki tabbatar sunansa yana cikin bayanin rajistarki a matsayin miji da ba a san inda yake ba, saboda ranar da ya bayyana haɗa ku ya zo da sauƙi. Neman yana iya ɗaukar shekaru, shi ya sa in kin tashi daga inda kike sai ki sanar da su.

An yi wa 'yata fyaɗe a wurin itace. Mu fara zuwa wurin jandarma ko asibiti?

Asibiti, yau ɗin nan. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Ba a bukatar takardar jandarma kafin a duba ta. In kwanakin sun wuce ma a je, akwai sauran magani da kulawa. A nemi takardar shaidar likita a adana, ko da ba a yanke shawarar kai ƙara ba tukuna.

Bayan nan asistan mace za ta zauna da ita a kan tsaronta da kwanciyar hankalinta da batun shari'a. Babbar mace ita ke zaɓar ko za ta kai ƙara. In yarinya ce ƙarama, hukumar kare yara tana shigowa. Sulhun da ake yi a zaure, a biya kuɗi ko a ɗaura mata aure da wanda ya cuce ta, ba ya cikin abin da asistan zai sa hannu. Game da wanda zai ji labarin, duba amsar da ke kan sirri.

Rabon abinci ya ragu, wasu ma an cire su. Asistan zai iya mayar da ni?

Shi kaɗai ba zai iya ba. Abinci yana hannun hukumar abinci ta duniya, PAM, kuma ta sha rage rabo a Kamaru da Cadi saboda kuɗin da ƙasashe ke bayarwa bai isa ba. A Cadi lamarin ya ƙara tsananta tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka shigo ta garin Adre da ke kan iyaka, har 'yan gudun hijirar ƙasar suka haura miliyan ɗaya. Idan abinci bai isa kowa ba, ana jera gidaje gwargwadon rauninsu.

Abin da asistan zai iya shi ne ya tabbatar bayanin gidanka na yanzu ne. In an auna ku lokacin da maigida yana da rai yana aiki, yanzu kuwa ya rasu ko ya kwanta ciwo, wannan hujja ce ta neman a sake dubawa. Ka kai koken a wurin karɓar ƙorafi, ka karɓi shaidar cewa ka kai.

Ina da damar yin aiki, ko noma, ko fita daga sansani?

A takarda, ƙwarai. Dokar Kamaru ta 2005 ta ba ɗan gudun hijira damar aiki, da mallakar dukiya, da zirga-zirga, da zuwa kotu, da karatu, ta Cadi ma haka. A kan hanya kuwa, musamman kusa da iyaka, shingayen tsaro suna da yawa, kuma ba kowane jami'i ne ya saba da katin ba. Kafin doguwar tafiya ka nemi takardar izinin fita daga shugabannin sansani, ka duba katinka bai ƙare ba. Zama a cikin gari ba ya soke matsayinka, amma yawancin rabo a sansani ake yinsa.

Gona ta hannun masu gari take fitowa, aro ko haya. Ka yi maganar a gaban bulama ko jauro da shaidu, a faɗi iyaka da shekarun da aka ba ka da abin da za ka biya, in da hali a rubuta. Rigimar gona ta fi tashi a shekara ta biyu, bayan baƙo ya share saura ya zuba taki. Idan an zo maganar koyon sana'a a tsarinka, ka tambayi kanka wa zai saya. Bulok ɗin da teloli suka cika ba ya bukatar wani sabon keke.

Ɗana ya yi aji huɗu a Najeriya. Zai koma aji ɗaya ne saboda Faransanci?

Ba lallai ba. Kamaru tana da tsarin karatu biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kuma makarantun Minawawo suna bin na Ingilishi saboda yaran Najeriya, har da sakandare. A cikin gari, inda Faransanci ya fi yawa, ana gwada yaro a sa shi ajin da ya dace, wani lokaci ya koma baya da shekara guda. A Cadi Faransanci da Larabci ne harsunan makaranta. Ga wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau akwai tallafin karatun gaba da sakandare na DAFI, wanda Jamus ta kafa a 1992, sai dai gurabensa kaɗan ne ƙwarai. Batun takardar haihuwa da jarrabawa yana amsar da ke kan haihuwa.

Yaya ake shiga layin tafiya ƙasa ta uku?

Babu layi, babu fom ɗin da ake cikewa a nema. HCR ce ke zaƙulo waɗanda zamansu a ƙasar mafaka ya gagara, bisa dalilai sanannu: barazana ga rai ko 'yanci, wanda aka azabtar, ciwon da ba a iya maganinsa a nan, mata da 'yan mata da ke cikin haɗari, yara da ke cikin haɗari, haɗa iyalin da suka rabu, da rashin wata mafita. Ko ta gabatar da sunanka, ƙasar da za ta karɓa, kamar Faransa ko Kanada, ita ke da maganar ƙarshe, kuma tana iya ƙi. A duniya baki ɗaya, waɗanda ke samun wannan a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijira ba. A Janairu 2025 Amurka, wadda ta fi kowa ɗauka, ta dakatar da shirinta, guraben suka ƙara tsukewa.

In an kira ka hira, ka faɗi iyalinka duka, har waɗanda ba sa tare da kai. Mai mata biyu ya sani cewa dokokin waɗannan ƙasashe ba su san auren mace fiye da ɗaya ba, kuma ana duba irin wannan gida da taka-tsantsan don kada a bar wata da 'ya'yanta a tagayyare. Ɓoye amarya ko sakin ta don a samu tafiya yana rushe dosiyen, ga kuma alhaki. Daga hira zuwa jirgi ana iya shekaru, kuma sai hukumar ƙaura ta duniya, OIM, ta sanar da ranar tafiya sannan magana ta tabbata.

A ganina babbar asarar da ake yi a nan ba ta wanda aka ƙi ba ce, ta wanda ya jingine rayuwarsa ce yana jira. Akwai masu ƙin karɓar gona, masu hana yaro shiga makaranta, masu ƙin jari, wai kada a ga sun samu sauƙi a cire su. Noma da karatu ba sa hana a zaɓi mutum. Kowa ya huta da zancen hana ido barci a kan abin da ba ya hannunsa, ya sa ƙarfinsa a layukan tsarin da ke da rana da mai yi.

Wani ya ce in ba shi kuɗi zai tura dosiyena gaba. Yana da hanya a ciki.

Ɗan damfara ne, ko da rigar ƙungiya a jikinsa, ko da ya san lambar gidanka. Rajista, kati, hira, dosiye, tafiya ƙasa ta uku, komawa gida, duk kyauta ne. Haka wanda ya nemi mace da lalata don ya sa sunanta a wani jeri: wannan laifi ne da ake korar ma'aikaci a kansa, kuma kai ƙararsa ba ya taɓa rabonki. Masu sayar da "labarin da ke ci" su ma a guje su, don jami'an hira sun ji labarin nan daga bakin mutum goma kafin kai. Yadda ake kai ƙorafi yana amsa ta ƙarshe.

Ina son komawa gida. In tashi kawai, ko in jira ayari?

Komawa bisa raɗin kai ne, babu mai tilasta maka, babu mai hana ka. Kamaru da Najeriya da HCR sun sa hannu kan yarjejeniyar komawa ranar 2 ga Maris 2017. A ƙarƙashinta aka kwashi rukunin farko zuwa jihar Adamawa ta Najeriya a 2019, sannan daga 2021 aka fara ayarin motoci daga Minawawo zuwa Banki da Bama a jihar Barno. Mai bin ayari yana sa hannu a takardar komawa bisa son rai, wadda ita ce shaidarsa a can, kuma ana tanadin sufuri da ɗan abin fara zama. A 2017 dubban mutane sun tashi da kansu zuwa Banki da Pulka, suka tarar babu isasshen ruwa da matsuguni.

Kafin ka sa hannu ka tambaya: garinmu za a kai mu ko wani sansani a hedikwatar ƙaramar hukuma? Ana fita gona? Kilomita nawa? A tambayi kowane baligi a gidan shi kaɗai, don miji yana iya son tafiya matar ba ta so. Ka karɓi takardun makarantar yara, da katin asibiti, da maganin da zai kai mai ciwo wata guda ko fiye, kuma asistan ya rubuta takardar miƙa lamarinka ga masu aiki a can. Ka sani kuma da ka koma, matsayinka na ɗan gudun hijira ya ƙare.

An ƙi amincewa da ni. Shi ke nan?

Akwai ɗaukaka ƙara. A Kamaru dokar ta tanadi kwamiti biyu, na tantancewa da na sauraren ƙara, a Cadi ma akwai matakin ƙara a ƙarƙashin CNARR. Wa'adin gajere ne, yana rubuce a takardar da aka ba ka, don haka a karanta maka ita a ranar. Maimaita labarin farko kalma da kalma ba ya wadatarwa. Ka duba dalilin da suka bayar ka amsa shi: in tafinta ne ya karkatar da magana ka faɗa, in akwai abin da kunya ko tsoro ya hana ka faɗa a karon farko, yanzu ne lokacinsa. Muddin ƙararka tana gabansu, kai mai neman mafaka ne, ba a korarka.

Asistan ɗina ya bar aiki, wani kuma ya ce an rufe dosiyena. Ina zan kai kuka?

Ma'aikata suna yawan canzawa, don kwangilar ƙungiyoyi ta shekara-shekara ce, wani lokaci ma ƙungiyar ce gaba ɗaya ke tashi wata ta gaje ta a watan Janairu. Dosiye ba ya bin ma'aikaci, miƙa shi ake yi. Ka je ofis da lambarka ka tambayi wanda ya gaji aikin, ka nuna masa littafinka ya ga inda aka tsaya, don kada a sa ka faro labari daga tushe.

Ana rufe dosiye idan an cimma abin da aka tsara, ko mai shi ya ce ya isa, ko ya tashi, ko ya rasu, ko an daɗe ana nemansa ba a gan shi ba. Ya kamata a zauna da kai kafin a rufe, a gaya maka inda za ka je in matsalar ta dawo, kuma ana iya sake buɗewa. Rufe shi bai taɓa katinka ko matsayinka ba.

In ba ka gamsu ba, ka fara da shugaban asistan ɗin. In ba a ji ba, akwai akwatin ƙorafi, da ranakun sauraren jama'a, da jami'in kariya na HCR a ofishin da ya fi kusa da kai. Ka rubuta abin da ya faru, da ranar, da wurin, da abin da kake so a yi, ka riƙe kwafi. Ƙorafin cin hanci ko lalata ana iya jefa shi ba suna, amma in ka sa lambar da za a same ka, binciken ya fi saurin tafiya.